Kafin Ka Ce Babu Sabis

 Sharhinmu na yau a kan wata 'yar magana ce da ta zama ruwan dare a gidaje da ofisoshi da shagunan buga takardu, wato "babu sabis". Da zarar shafi ya ƙi buɗewa a kwamfuta sai a yanke hukunci nan take, a rataya wa kamfanin sadarwa jakar tsaba, a koma gefe ana tsaki. Wani kuma ya saɓi kwamfutar sai wurin mai gyara, a goge masa komai, a sake ɗora manhaja, ya biya kuɗi, ya dawo gida ya tarar matsalar tana nan inda ya bar ta. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne, haɗin intanet matakai ne a jere, kowanne yana jingine da wanda ya gabace shi, daga soket ɗin bangon ɗakinka har zuwa wayar da ke kwance a ƙarƙashin teku. Wanda ya iya tambayar kansa a wane mataki abin ya tsaya, kuma ya bi matakan daga na kusa zuwa na nesa, zai rage asarar kuɗi da ɓata lokaci, ko da bai taɓa zama a ajin injiniya ba.

Waɗanda suka riski zamanin shiga intanet ta layin tarho sun koyi wannan darasi ba da son ransu ba. Kafin zuwan wayar salula ta GSM a Najeriya a 2001, layukan tarho na NITEL da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma wanda ya yi sa'ar samun layi yakan haɗa shi da wata na'ura da ake kira modam, ita kuma ta buga lambar kamfanin intanet kamar yadda mutum ke buga waya. Alfanun wannan tsari, duk da wahalarsa, shi ne komai a kunnenka yake faruwa. Za ka ji amon layi, ka ji ana danna lambobi, ka ji tana ringin, sannan ka ji wannan ƙara mai kama da shaƙewa lokacin da modam biyu ke daidaita saurin da za su yi magana da shi, kafin allo ya nuna ana tantance suna da kalmar sirri. Inda duk abin ya tsaya, nan cutar take. Manhajar Windows ma lamba take bayarwa ga kowane mataki. Idan ta ce 680, babu amon layi, ke nan a duba waya da soket. Idan ta ce 676, layin can yana cike da wasu. Idan 678 ce, an buga amma ba a amsa ba. Idan kuwa 691 ce, an isa har ƙofar kamfani an ƙi karɓar suna ko kalmar sirri, wanda sau da yawa ke nufin kuɗin wata ya ƙare. Babu mai hankalin da zai ga 691 ya je ya sayi sabuwar waya, domin lambar da kanta ta shaida cewa wayar ta yi aikinta. Kuma gwaji mafi inganci a lokacin bai buƙatar ko sisi: a zare modam, a sa kan tarho na gida a wannan soket, a saurara. In ana jin ƙarar-ƙarar a layin, musamman bayan ruwan sama ya shiga mahaɗar wayoyi, to an san dalilin da ya sa haɗin ke yankewa, ko kuma saurin ya kasa kaiwa kilobit 56 a daƙiƙa da aka tsayar a matsayin ƙololuwa a 1998. A wannan ƙololuwar ma, fayil mai megabait 5 sai ya ci kusan minti 12 kafin ya sauka.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da tsohon zance, ai wancan zamani ya shuɗe. Gaskiya ne ya shuɗe, har kamfanin AOL na Amurka, wanda ya yi suna da wannan hanya, ya rufe ta a ƙarshen Satumban 2025. Sai dai abin da ya tafi ƙarar ce kawai, matakan suna nan daram. Rauta da ke kan teburinka a yau, ko ta wayar gilashi take karɓar intanet, ko ta layin tarho mai ADSL, ko ta katin SIM, ko ta faifan tauraron ɗan'adam, dole ne ta fara samun wuta, ta kama sigina daga waje, ta gabatar da kanta a tantance ta, a ba ta adireshi, sannan ita ma ta raba wa na'urorin gida nasu adireshin. Duk wannan yana faruwa shiru cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa mutane suka ɗauka abu ɗaya ne. Har yau masu haɗa kwamfuta kai tsaye da layin kamfani ta tsarin PPPoE suna cin karo da tsohuwar lambar nan 691, kuma ma'anarta ba ta canja ba. Sauƙin da aka samu ya zo da tasa illar: an ɗauke mana wahalar saurare, an kuma ɗauke mana sanin inda abin ke karyewa.

Matakin farko shi ne wanda aka fi rainawa, wato wuta da wayoyi da fitilun jikin na'ura. A wuraren da wutar lantarki ke wasan ɓuya, ana sauyawa daga ta gwamnati zuwa janareta zuwa batirin sola sau da dama a wuni, ƙaramar adaftar da ke bai wa rauta wuta ita ce ke fara galabaita. Fitila za ta kama, amma da aiki ya yi nauyi sai na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta, mai gida kuwa yana can yana zagin kamfani. Fitilun nan kuma ba ado ba ne. A akwatin wayar gilashi akwai wadda aka rubuta LOS a ƙarƙashinta. In ta yi ja, hasken da ke zuwa ta cikin wayar ya yanke, ko an lanƙwasa ta da ƙarfi a bayan kujera, ko ɓera ya ci, ko an tsinke ta a titi, kuma babu wani danne-danne a kwamfuta da zai dawo da shi. A nan in yi gargaɗi, kada a zare wannan waya a leƙa bakinta da ido, domin hasken cikinta ba ya ganuwa amma yana iya cutar da gani. A layin ADSL, fitilar DSL da ke ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba tana nufin ba a daidaita da ofishin tarho ba, sai a duba 'yar na'urar tace amo da ke raba tarho da modam. A rauta mai SIM kuwa, tambayoyin su ne ko data ta ƙare, ko wa'adinta ya cika alhali da saura, ko an toshe layin saboda rashin haɗa shi da lambar NIN, ko saitin APN ya goge. Sannan a daina ruɗuwa da alamar Wi-Fi da ta cika taf a kusurwar allo. Abin da take faɗa kawai shi ne kwamfutarka tana jin rauta da kyau. Ba ta ce komai ba game da ko ita rautar tana jin duniya.

Daga nan sai gwajin da ya fi kowanne raba gardama. Wanda ya buɗe famfo ya ga babu ruwa, kafin ya fasa bango yana neman inda bututu ya toshe, ai yakan leƙa maƙwabta ya ji ko su ma an ɗauke musu. Haka abin yake a nan. A ɗauki wayar hannu a haɗa ta da wannan rauta ɗin. In ita ta shiga intanet, kwamfutar ce ke da matsala, an wanke kamfani. In ita ma ta ƙi, a bar kwamfuta ta huta, ba ta da laifi. In kuma ana zargin Wi-Fi, a jona kwamfutar da rauta ta kebul. Idan komai ya daidaita, to iskar ɗakin ce ba ta isar da saƙo. Yawancin rautoci suna watsawa a zango biyu, 2.4 da 5 na gigahaz. Na farkon ya fi tafiya nesa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin rautocin maƙwabta da na'urorin Bluetooth da murhun ɗumama abinci na lantarki duk a nan suke. Na biyun ya fi sauri, sai dai bangon bulo biyu ko ƙofar ƙarfe na iya karya shi. Mutum ya saka rauta a cikin durowa don gudun yara, ko ya ajiye ta a ƙasa bayan talabijin cikin zafin watan Afrilu, sannan ya yi mamakin rashin sauri a ɗakin baya, wannan ba aikin kamfani ba ne.

Idan har kwamfutar ce ake tuhuma, akwai wasu tambayoyi da za a yi mata, kuma amsoshinsu lambobi ne da kowa zai iya karantawa. A Windows, a buɗe baƙin allon nan na umarni a rubuta ipconfig. In adireshin da ya fito ya fara da 192.168, galibi rauta ta ba ta adireshi lafiya. In ya fara da 169.254, to ta nema ba a ba ta ba, ta laƙa wa kanta na jeka-na-yi-ka, kuma matsalar tana tsakaninta da rauta. Sai kuma umarnin ping, wata 'yar manhaja da wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta a 1983, wadda aikinta kawai ta aika sallama ta jira a amsa. A fara yi wa rautar gida sallama da adireshinta, wanda sau da yawa 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, yana kuma rubuce a jikinta. In ta amsa, a tura sallamar waje, zuwa 8.8.8.8, wata kwamfutar Google da ba ta cika yin shiru ba. In ita ma ta amsa, a gwada da sunan wani shafi maimakon lamba. Nan ne ake kama wata cuta mai ruɗa mutane ƙwarai: lamba tana amsawa, suna ba ya amsawa. Ma'anarta hanya a buɗe take, amma tsarin DNS, wanda ke mayar da sunayen shafuka zuwa lambobi, shi ne ya kwanta, kuma sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare kan warware matsalar cikin minti ɗaya. Kada a ɗauka ƙananan mutane kaɗai wannan ke kayarwa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace daga intanet na kusan awa shida, bayan wani kuskuren saiti a cikin kamfanin ya janye hanyoyin da ake bi a isa kwamfutocinsa masu amsa tambayar suna. A ranar mutane da yawa sun yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu har da sayen sabuwar data, alhali buɗe wani shafi daban guda ɗaya ya isa ya nuna musu layinsu lafiya lau yake. Wani abin kuma da ba a cika kawo shi a rai ba shi ne agogon kwamfuta. In ƙaramin batirin da ke cikinta ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka masu tsaro za su ƙi buɗewa suna gargaɗin takardar shaida, domin a lissafin kwamfutar lokacin fara aikin takardar bai zo ba.

Ƙorafin rashin sauri ba zan daɗe a kansa ba. Kamfanoni da megabit suke talla, kwamfuta kuwa da megabait take nuna saukar fayil, kuma bit 8 ne ke yin bait 1, don haka layin megabit 20 ba zai wuce megabait 2.5 a daƙiƙa ba ko da komai na tafiya daidai. Bayan wannan, a duba ko kwamfuta na sabunta kanta a ɓoye, a kuma shiga shafin rauta a ƙirga na'urorin da ke jone, don kalmar sirrin da aka bai wa baƙo ɗaya bara ta iya zagaye unguwa. In an kawar da waɗannan kuma saurin yana faɗuwa kullum da daddare ya dawo da asuba, cunkoso ne a hasumiya ko a layin kamfani, kuma wannan nasu ne.

Masu ajiye saba, wato kwamfutar da wasu ke shiga daga waje, a gida ko a ƙaramin ofis, don shafin makaranta ko kyamarorin tsaro ko rumbun fayiloli, tasu matsalar ta juya baya ne: su suna fita intanet lafiya, amma na waje ba ya iya shigowa. Nan ma bin mataki ne. A tabbatar manhajar tana aiki a kan ita kanta sabar, a gwada ta daga wata kwamfuta a cikin gida, a duba ko katangar tsaro ta rufe ƙofar da ake buƙata, kamar 80 ko 443 na shafuka, sannan a duba ko an umurci rauta ta miƙa baƙi zuwa adireshin da ya dace, domin adireshin sabar na iya sauyawa bayan ɗaukewar wuta in ba a kafe shi ba. Gwajin ƙarshe kuma daga waje ake yin sa, da datar waya, ba daga cikin gidan ba. Amma akwai katangar da ta fi ƙarfin mai gida. Adiresoshin tsohon tsarin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare tun Fabrairun 2011, shi ya sa kamfanoni da yawa, musamman na salula, suke cusa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi guda. In ka duba adireshin waje a shafin rautarka ka ga yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka, kana cikin wannan rukuni, kuma ko ka kwana kana saiti babu mai shigowa. Mafita ita ce a nemi adireshi na kai daga kamfani, ko a bi ta wata hanyar rami da ke fita daga ciki.

Yanzu ga masu cewa duk wannan dogon turanci ne, a kashe a kunna kawai. Ban musa ba, yana aiki sau da yawa, kuma akwai dalili: kashewa na tilasta wa na'ura ta sake bin matakan nan daga farko, ta sake neman sigina, ta sake gabatar da kanta, ta karɓi sabon adireshi. A yi shi, a ba ta kamar rabin minti kafin a mayar da wuta, in modam da rauta daban suke a fara kunna modam. Amma rautar da sai an kashe ta an kunna kullum tana faɗa maka wani abu ne, ko zafi, ko adafta, ko tsufa, kuma kashewar tana share alamar ba tare da ta taɓa cutar ba. Sannan a bambance kashewa da tsikarar ɗan ramin nan na bayan rauta da allura. Wannan yana goge duk saitin da aka yi, har da suna da kalmar sirrin da kamfani ya saka, sai a wayi gari an gudu ba a tsira ba, matsala ɗaya ta zama biyu. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki ita ce a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, in bai yi ba a mayar da shi yadda yake. Wanda ya sauya abu biyar a tare, ko ya dace ba zai san wanne ya yi maganin ba, gobe kuma sai ya sake lalube.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu ganin irin wannan magana tana wanke kamfanoni ne, tana mayar da laifi kan talakan da ya biya kuɗinsa. Wannan suka tana da tushe, domin sau da dama laifin daga waje yake. Ranar 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a yankin gaɓar Kodebuwa, intanet ta raunana a Najeriya da Gana da Laberiya da Benin, har da Nijar da ba ta da teku, bankuna suka shiga tasku, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Masu aikin titi suna tsinke wayoyin gilashi, ɓarayi suna sace kayan hasumiya, har ta kai gwamnatin Najeriya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa a 2024. A Satumban 2021 ma da umarnin hukuma aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Babu ping ɗin da zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. To amma a duba da kyau, wa bincike ya fi amfana? Wanda ya kira kamfani ya ce "abin ba ya yi" za a ce masa ya kashe ya kunna, a sallame shi. Wanda ya ce fitilar LOS ta yi ja tun ƙarfe tara na safe, ya gwada na'ura biyu, rauta tana amsawa amma waje ba ya amsawa, ya toshe duk wata kafar zillewa, dole a turo ma'aikaci. Ya karɓi lambar ƙorafi ya adana, in an yi biris da shi ya kira 622, layin kyauta na Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, da hujjarsa a hannu. Jahilcin kwastoma shi ne babbar garkuwar kamfanin da ba ya son gyara.

Saura batun harshe, kuma a nan ina tare da masu ƙorafi. Takardun da ke zuwa cikin kwalin rauta da Turanci suke ko Faransanci ko Sinanci, saƙonnin kuskure ma haka, alhali kamfanonin nan sun iya Hausa sarai in lokacin tallar garaɓasa ya zo. Wanda ya iya rera talla da Hausa ya iya buga shafi guda da ke bayanin ma'anar kowace fitila da Hausa, ya kuma koya wa masu amsa kira su yi tambaya mataki-mataki maimakon haddar jimla ɗaya. Kafin su yi, jar fitila da koriyar fitila ba su da yare, lamba ma haka. Don haka, mai sauraro, yau tun intanet ɗin gidanka tana aiki, ka ɗauki hoton fitilun rautarka yadda suke in lafiya, ka rubuta adireshinta da sunan shiga da lambar kamfani a takarda, ka ajiye inda za ka same su ba sai da intanet ba.